Gwangwanin da Na Hana wa Ruwa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, har da sunayen wasu da muka ci abinci a kwano ɗaya a kwaleji, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga wata tsohuwar ƙwarya a gaban 'yan aji huɗu da malamin da ya zo duba aikina ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. (Duk wanda ya ce miki kunya tana tsufa, bai taɓa jin ta a gaban yara ba.)

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka rarraba mu makarantu don koyon koyarwa. Ƙawayena duk suka faɗa wurare masu daɗi, wasu cikin Sakkwato, wasu Bodinga a bakin titi, ni kuwa sunana ya faɗa wata firamare a wani ƙauye can bayan Danchadi. Na yi kuka, na yi fushi, ba abin da ya canza. Babana ya tuna yana da wata 'yar'uwa ta nesa a garin, Inna Hajjo, tsohuwa mai kiwon awaki, aka kai ni gidanta da akwatina da katifata. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: sai wani malami daga kwaleji ya zo ya zauna a ajinki, ya ga yadda kike koyarwa, ya ba ki maki. In kin ci, ki tattara kayanki ki koma gida. In kin faɗi, baɗi ki sake. Ni kuwa a lokacin da a ce in sake zaman garin nan, gara a ce in sake haihuwar kaina.

Ba wai mutanen garin sun yi mini wani abu ba. Abin da ya dame ni ke nan ma, ba su yi mini komai ba. In na shigo tsakar gida matan suna tsintar albasa suna hira, sai hirar ta mutu, a ce "sannu Malama," a sunkuyar da kai. A makaranta ni kaɗai ce mace. Ofishin malamai gindin wani dogon yaro ne, maza ne zalla a kan benci, don haka lokacin tara, wato hutun safe, sai in zauna cikin aji in ci biskit ɗina ni kaɗai ina kallon allo. Ana tashi kowa ya hau babur ɗinsa ya yi Bodinga ko Danchadi. Ni kuma in tako zuwa gida, in tarar da kwanon fura a ƙofar ɗakina, in sha, in wanke kwanon in ajiye a inda na gan shi, in ja labule. Kullum kwanon daban yake, yau mai fure, gobe na silba, jibi ƙwarya. Na ce a raina, tsohuwar nan akwai tarin kwanuka.

Waya ba ta kamawa sai a wuri ɗaya a duk garin, kan wani tudun juji da ke bayan gidan. Duk la'asar za ka ga malamar kimiyya, da hijabinta mai guga, tsaye a kan juji tsakanin kaji, ta ɗaga hannu sama tana neman sabis. In ya kama, sai hotunan ƙawayena su shigo, suna cin tsire, suna dariya, sun haɗa kai. In rubuta musu "ina nan lafiya," in sauko. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ban kuma gaya wa kowa ba, don ina ganin ba wanda ya damu ya ji.

Aikin ma bai zo da sauƙi ba. Makon farko na koyar da turanci tsantsa yadda littafi ya zo da shi, yaran suka yi ta maimaita ƙarshen duk abin da na faɗa da babbar murya, har da "ku yi shiru." Hedimasta, Malam Bello, dattijo mai sanyin magana, ya tsaya a taga ya saurara, sannan ya ce, "Malama, ki ɗan riƙa sa musu Hausa ciki, Allah shi taimaka." Na sa Hausa. Suka ci gaba da maimaitawa, amma yanzu da Hausa.

Sai na tuna abin da aka yi ta nanata mana a kwaleji: kimiyya ba a haddace ta, gani ya kori ji. Kar ki gaya wa yaro amsa, ki shirya masa gwaji, ki bar shi ya gano da kansa. Darasin da ke gabana kuwa shi ne abin da iri yake bukata kafin ya tsiro. Na ce to, ga inda zan nuna wa duniya ni ce. Zan shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya in riƙa ba shi ruwa, ɗaya in hana shi. Ranar da mai duba mu ya zo, in buɗe su a gabansa, yara su ga mai ruwa ya tsiro, marar ruwa yana nan yadda aka sa shi, su gano da kansu cewa iri ba ya tsira sai da ruwa.

(Ki lura da kyau. Ni, wadda iyakar nomana a duniya shi ne zanen ganye a takarda, ni ce zan koya wa 'ya'yan manoma cewa shuka tana son ruwa.)

Lokacin bazara ne, zafin da ko kaza sai ta buɗe baki. Ruwan fari bai sauka ba tukuna. A hanyar makaranta nakan ga maza a gonaki suna sara busasshiyar ƙasa suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Wata safiya muka jero da Malam Bello, ya ga ina kallon su, ya ce, "Bizne na, Malama. Su sa iri shi kwanta ƙasa shi jira ruwa." Wato binne, shukar da manomi yake yi tun sama ba ta zubo ba, da fatan in ta zubo ta tarar da iri a wurin. Na gyaɗa kai kamar na fahimta, a raina ina cewa wannan ai asarar iri ce. Daga nan ban sake tunawa da maganar ba.

Na samo manyan gwangwanayen madara guda biyu, na roƙi Inna Hajjo ɗan wake. Ta dube ni, ta dubi tafin hannuna.

"Ke ɗiya, mi za ki yi da wake ɗan wanga? Ko kaza bai isa."

"Aikin makaranta ne, Inna."

Ta ɗebo mini daga wanda take dafawa.

A gaban yara na cika gwangwanayen da ƙasa, na tura wake a kowanne. Na zuba wa na farko ruwa. Na biyu na bar shi ƙamas. Ajin ba shi da ƙofa, awaki ne ke kwana a ciki, don haka na kife kowanne da tsohuwar ƙwarya, na ɗora dutse, na ajiye su a kan taga. Sannan na ɗaure fuska na nuna na biyun na ce, "Wannan, kar wanda ya taɓa shi." Ban faɗi dalili ba. Ai an ce kar a gaya wa yaro amsa. Na ga sun kalli juna, na ga wata yarinya mai suna Luba, wadda ke zama a gaba kullum, ta buɗe baki ta rufe. Na ɗauka kwarjinina ne.

Daga ranar gwangwani na farko ya zama abokin hirata. Da safe in ba shi ruwa, lokacin tara in ƙara masa, kafin in tafi gida in sake ƙarawa, don ina tausayinsa da zafin nan. Ban huda gindin gwangwanin ba, don ba wanda ya ce mini ana hudawa. Ƙasar ta koma kunu. Bayan kwanaki, da ƙyar, wani ɗan tsiro guda ɗaya ya leƙo, fari sol, siriri, ya langaɓar da kai kamar mai zazzaɓi. Na yi murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Ba zan ɓoye ba, in na shigo da safe ba kowa, nakan ɗaga ƙwaryar in ce masa "ina kwana." Shi kaɗai ne a garin nake fara gaisarwa.

Na biyun kuwa ko sau ɗaya ban ɗaga ƙwaryarsa ba. Me zan duba a busasshiyar ƙasa? Na riga na san abin da ke ciki, littafi ya faɗa.

Mai duba mu ba ya sanarwa. Wata ranar Talata da hantsi sai ga babur ya tsaya a gindin dogon yaro, Malam Tukur ya sauko yana kaɗe rigarsa. Duk kwaleji an san shi, ba ya dariya, ba ya karɓar magiya, in ya sa jan biro a takardarki sai dai ki kai kuka gida. Ya gaisa da malamai, ya ce sauri yake, yana da ɗalibai a Shagari da Kajiji da zai gani kafin azahar. Aka sa masa kujera a bayan aji. Malam Bello ya tsaya a bakin ƙofa.

Na miƙe, na san ina da makamina. Na rubuta kan darasi a allo da rubutuna mafi kyau. Na sauko da gwangwanayen na jera a kan tebur. Na ɗaga ƙwaryar farko, na nuna ɗan tsirona mai zazzaɓi, na ce, "Kun ga wannan, mun ba shi ruwa, ya tsiro." Wani wari ya ɗan taso daga ƙasar, na yi kamar ban ji ba. Yaran suka dube shi da irin kallon da ake yi wa marar lafiya in an je dubiya.

Sai na dafa ƙwarya ta biyu. Na ja lokaci, yadda aka koya mana, don hankali ya taru.

"Wannan kuma ba mu ba shi ruwa ba ko ɗigo. Wa zai gaya mini, me za mu gani a ciki?"

Ajin gaba ɗaya, da fara'a, da murya ɗaya, suka ce, "Shuka."

Na yi murmushin manya. Har na saci kallon Malam Tukur, irin kallon nan na "ka gani ko, yanzu za su gane kuskurensu da kansu." Na sake tambaya, suka sake cewa shuka, wasu har suna tsalle a kan benci. Na ce, "To, bari mu gani." Na ɗauke dutsen, na ɗaga ƙwaryar sama da hannu biyu.

Gona ce a ciki.

Wake ya fito kore shar, ganye ya buɗe, ya cika bakin gwangwanin har yana zubowa. Ba wake kaɗai ba. Ga gero ya miƙe tsaye kamar allurai, ga wani abu mai faɗin ganye da daga baya na ji kuɓewa ce. Ƙasar baƙa, mai laima, har da 'yan ƙwallayen kashin awaki a sama. Ana cewa abin da ka shuka shi za ka girba, ni dai wake na shuka, na girbi gero da kuɓewa.

Yara suka fashe da tafi. Tafi na gaske, na murna, suna kallona suna jiran in yi farin ciki. Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya a sama kamar mai roƙon ruwa, bakina a buɗe. A allo a bayana, da rubutuna mai kyau, an rubuta cewa iri ba ya tsira sai da ruwa. A kan tebur kuma ga wanda na shayar yana shirin mutuwa, ga wanda na hana yana neman fasa gwangwani.

Malam Tukur ya ajiye bironsa. A hankali ya ce, "To Malama, mi za ki ce ma ɗalibanki?"

Duk karatun shekara uku ya gudu ya bar ni. Na sauke ƙwaryar. Abin da ya fito daga bakina, a darasin kimiyya, a gaban mutumin da makina ke hannunsa, shi ne, "Yara, wannan... ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne," in ji aji huɗu, da babbar murya, yadda na saba musu.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ƙwaryar na rufe kaina. Na ga kafaɗun Malam Tukur suna rawa, ya sa hannu ya rufe baki. Mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa a kwaleji ba, ni na fara fito da su.

Da ya nutsu ya taso ya zo gaban aji, ya taɓa ƙasar da yatsa, ya dubi yaran. "Ikon Allah na, gaskiya ta. Amma wa yaz zuba ruwa cikin gwangwanin ga?"

Yara suka kalli juna. Sai Luba ta ɗaga hannu. Sai na kusa da ita. Sai na baya. Kafin in ƙifta ido, babu hannun da ke ƙasa a ajin.

Luba ta miƙe, ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo. "Mun ga bizne Malama tay yi. Mai bizne ko ruwa yaka jira, kuma ruwa ba su shigowa aji, ga ƙwarya bisa. Shi na munka ce in an tashi mu riƙa zuba mai kaɗan kaɗan, mu hidda shi shi sha iska." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma innarmu tac ce waken Malama na dahuwa na, ba iri na ba. Tab ba ni na gidanmu."

Wani daga baya ya ce shi gero babansa ya ba shi. Wata ta ce kuɓewar kakarta ce. Ashe maganar gwangwanina ta shiga kowane gida a garin, an zauna an tattauna ta, an yanke shawara, ni ina can kan juji ina neman sabis.

Malam Tukur ya juya wajen ƙofa zai yi magana, sai ya tsaya. Na bi idonsa da kallo. Malam Bello, hedimasta guda, yana tsaye da hannunsa a ɗage, rabi da rabi, kamar mai jin nauyinsa.

"Ranka shi daɗe, ni sau guda na," ya ce. "Na ɗauka mantuwa tay yi. Baƙuwa ta, ita ɗai, ba ta da kowa nan. Munka ce kar manyanta su zo su iske shukarta ba ta hito ba, ta ji kunya."

Wannan maganar ta fi dariyar Malam Tukur yi mini ciwo. Don kar in ji kunya. Gari guda ya haɗu ya rufa mini asiri, rufin da ya tone ni har ƙasa.

Malam Tukur bai ba ni maki ba ranar. A gindin dogon yaro ya ce mini, ba tare da faɗa ba, barin yaro ya gano amsa daban, ɓoye masa tambayar daban. Ya ce in sake gwajin, in gaya wa yara abin da ake nema, in huda gindin gwangwani, zai dawo in ya gama zagayensa. Ma'anarsa, ƙawayena za su tattara su koma gida, ni ina nan. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ranar ban hau juji ba. Wa zan ba wannan labari, in ce masa me? Na zo zan shige ɗaki na tarar da kwanon fura a ƙofa, wani kore da ban taɓa gani ba. Inna Hajjo tana ɗaure akuya, labari ya riga ni isowa, tana ta ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Takin nan da kig gani, na awakina na," ta ce. "Ni nib ba su."

Na tsaya da kwanon a hannu. Karon farko tun zuwana na tambaye ta, "Inna, wannan kwanon na wane ne?"

"Na gidan su Luba na. Jiya na gidan liman. Ke kina tsammani ni ad da kwanukan ga duka?" Ta ja igiyar akuyar ta ƙulle. "Kullum sai sun tambaye ni ko kin sha. In ce ta sha, ta wanke, ta ja labule."

Na zauna a nan bakin ƙofa, ban shiga ba. Na sha furar a gabanta, hawaye suna ɗiga a ciki, ita kuma ta yi kamar akuyar ce ta ɗauke mata hankali.

Gwaji na biyu ya yi daidai, amma sai da na sha wuya. Na yi wa yara bayani, na yi wa hedimasta bayani, har gida gida na bi ina mayar da kwanuka ina roƙon iyaye mata cewa don Allah a bar gwangwanin nan da ƙishirwarsa, da gangan ne. Suka yarda, amma ba da son ransu ba. Luba takan tsaya a gabansa ta yi tagumi. Ranar da Malam Tukur ya dawo ya ga busasshiyar ƙasa ya ba ni makin da ya ishe ni wucewa, ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba Malam Bello ya leƙo ya ce, "Malama, yanzu a iya ba shi?" Na ce a ba shi. Yara suka yi rububin buta.

Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo: in za ki hana wani abu ruwa a garin manoma, ki faɗi dalili da babbar murya, kuma in kin kife abu da ƙwarya, ki riƙa ɗagawa kina dubawa, ko da littafi ya gaya miki abin da ke ciki.

Yanzu a cikin birni nake koyarwa, aji mai ƙofa da makulli. Duk shekara ina yin gwajin nan, in ajiye gwangwani in ce kar wanda ya taɓa, kuma ba wanda yake taɓawa. Bai taɓa ba ni kunya ba. Sai dai duk ranar buɗewa nakan ɗan jinkirta da hannuna a kan murfin, ina wani fata na wauta. Sannan in ɗaga, in tarar da ƙasa a bushe yadda na bar ta, in juya ga allo in rubuta cewa gwajinmu ya yi nasara.